Na Ce A Wanke, Aka Kuwa Wanke

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A shekarun da zan ba da labarinsu ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, ina zaune a Daɗin Kowa da matata da 'ya'yanmu uku. A danginmu da dangin matata kuwa ba da lissafi aka san ni ba, Injiniya ake ce min, domin ni ake nema idan waya ta ƙi kunnuwa ko kwamfuta ta yi gardama. Ban taɓa zama a ajin kwamfuta ba. Abin da na sani tsince-tsince ne, yau in kalli bidiyo a intanet, gobe in kwance tsohuwar na'ura in mayar, idan ƙusa biyu suka yi saura in jefa su aljihun tebur in ce dama masu ƙera ta ne suka cika yawa. Sau da yawa ina dacewa, dacen nan kuwa shi ya kumbura min kai. Ni mutum ne da ba na so a ji kalmar ban sani ba daga bakina, ko a gaban allo ko a gida, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga wannan hali ya tsiro.

Abin alfaharina a lokacin shi ne wata tsohuwar kwamfuta da na gyara na ajiye ƙarƙashin tebur a kusurwar falo. Ba a aiki da ita, ajiya kawai take yi. Hotunanmu, bidiyon biki da na suna, takardun makaranta, duk a cikinta suke, kuma kowa a gidan yana iya buɗe su daga wayarsa. Masana suna ce wa irinta saba, mu a gida rumbu muke cewa. Na sa mata faifan ajiya guda biyu, iri ɗaya, girma ɗaya, na tsara su yadda duk abin da aka zuba a ɗaya yana sauka a ɗayan nan take. Na raɗa musu Hassan da Hussaini. Duk baƙon da ya zo sai na ja shi kusurwar nan na yi masa lacca, in ce masa a gidan nan babu abin da zai ɓata, in Hassan ya faɗi Hussaini yana tsaye. Har hana matata tara hotuna a waya na yi. Ranar da ta sake sabuwa, ni da hannuna na wanke tsohuwar tas, na goge duk abin da ke cikinta kafin a ba ƙanwarta, ina ce mata kada ta damu, komai yana rumbu.

Surukina, mahaifin matata, tsohon tela ne a Rikkos. Mahaifinsa ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, shi kuma a nan aka haife shi, a nan ya ƙarar da ƙarfinsa a kan keken ɗinki. Baba nake ce masa, kuma tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. In na je gaishe shi tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa idona a ƙasa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma duk maganar da ta wuce gaisuwa matata ce ke kai ta, ta kawo amsa. Matarsa, mahaifiyar matata, ta rasu tun matata tana shekara huɗu. Ba ta son hoto a rayuwarta, sau ɗaya tak aka lallashe ta ta shiga shagon mai hoto, saboda haka hotonta ɗaya ne a duniya. Yana cikin wani albam mai baƙin bango tare da wasu hotuna kamar arba'in na abokai da 'yan uwa, Baba yana ajiye shi a naɗe cikin ƙyalle a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. Matata ba ta tuna mahaifiyarta da rai. Duk abin da ta sani na fuskarta, daga wannan hoton ta san shi.

Ni na matsa a ba ni albam ɗin. Na yi ta aika matata tana gaya masa cewa takarda tana tsufa, gara tana ci, amma abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan har jikokin jikoki. Ya daɗe yana kau da maganar, daga baya ya ba ta, ya ce ta gaya min amana ce, in na gama a mayar masa. Wata Asabar da rana na zauna na yi wa hotunan sikanin, wato kwafe su zuwa kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, kunnena yana kan ƙwallon da ake bugawa a rediyo, ina ɗorawa ina saukewa kamar mai tuyar masa. Na ba kowanne lamba, na zuba su rumbu, na sa albam ɗin a kwali na kai sito da niyyar in mayar ranar Juma'a. Juma'ar ta zama wata, watan ya zama shekara. Da damina ta zo aka yi ruwan ƙanƙara irin na garin nan, ya huda kwanon sito daidai kan kwalin, ban kuma sani ba sai bayan watanni da na shiga neman wani abu. Na tarar hotunan sun manne sun zama curi ɗaya, sun yi fumfuna. Na gwada ɓamɓare su, sai fuskokin mutane suna biyo yatsuna. Na ƙulle curin a baƙar leda na kai wata bola mai nisa da unguwarmu, na dawo na wanke hannu na ci abincina. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Na ce wa kaina ai ba a yi asara ba tunda suna rumbu, kuma duk sanda Baba ya aiko yana tambaya sai in ce a gaya masa albam yana nan a adane.

Bayan kamar shekara biyu rumbu ya fara wani siririn kuka da ba ya tsayawa. Na duba, na ga jan rubutu yana cewa faifai ɗaya ya fita daga aiki. Hussaini ne. Na karanta, na gane, na ce zan sake shi in na samu sarari. Kukan yana damuna lokacin jin labarai, sai na nemo inda ake kashe shi na kashe. Da shiru ya dawo falon sai na manta. Wata bakwai Hassan yana ɗauke da kayan gidan shi kaɗai, ni kuwa ina ci gaba da yi wa baƙi laccar tagwaye.

Ana nan sai idon Baba ya fara mutuwa. Hawan jinin ido ne, likita ya ce an makara da zuwa, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana rufewa daga gefe-gefe, babu kuma maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Wata Lahadi na je duba shi, na durƙusa na gaishe shi zan fita, sai ya ce in dawo in zauna. Bai taɓa yi min haka ba. Ya ce abin da ya rage masa na gani kamar leƙe ne ta kafar allura, shi kuma tela ne, ya san kafar allura ba ta daɗewa a idon tsoho. Ya ce yana so ya ga fuskar uwar 'ya'yansa kafin ƙofar ta rufe. Ko albam ɗin na kawo, in ji shi, idonsa ba zai kama ƙaramin hoto ba, to tunda na sa shi a na'ura, in taimaka a wanke masa shi babba kamar kalanda, ya rataye inda haske yake. Allah ya gafarta min, har daɗi na ji, domin bai nemi albam ɗin ba. Na ce masa wannan ai ƙaramin abu ne, in sha Allahu ranar Juma'a bayan masallaci yana hannunsa.

Ranar Litinin na taso daga makaranta na ɗauki waya zan kwafo hoton, sai na ga wurin ajiyar babu shi. Ba cewa aka yi ya ƙi buɗuwa ba, babu shi ne gaba ɗaya, kamar ba a taɓa yin sa ba. Matata ta ce da safe an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, har ƙwan kicin ya fashe. Na ce mata ba komai, tsoro ne na'urar ta ji. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na jawo ta tsakiyar falo na buɗe murfin, na zare kebur na hura masa iska na mayar, na sauya wa faifan biyu mazauni, na ciro kebur daga wata matacciyar kwamfuta na gwada. Hussaini in an ba shi wuta sai ya yi ƙas-ƙas-ƙas sau uku ya yi shiru. Hassan kuwa yana juyawa lafiya, in na ɗora kunne ina jin sa, sunansa da girmansa suna fitowa a allo, amma ya ƙi buɗuwa. Ga ɗaki ina gani, ga ƙofa, babu makulli. Aka kira magariba ina durƙushe a kan kafet da ƙusoshi kewaye da ni, sanyin damina yana shigowa ta taga amma rigata ta jiƙe da gumi.

Talata ban je makaranta ba, na aika cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Na wuni ina bin intanet. Duk wanda ya rubuta cewa irin wannan ta taɓa samunsa sai in kwafi umarnin da ya bayar in buga, ban san me yake yi ba, in zuba ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na'urar sai ta amsa min da dogon Turanci mai cike da lambobi, in kwafe shi in koma nema, a ba ni wani umarnin, in sake bugawa. Da na gaji na zare Hassan na haɗa shi da laftof ɗina. Nan take wani ɗan akwati ya fito a allo yana cewa ba za a iya amfani da faifan ba sai an goge shi an sake masa tsari, yana tambayata ko na yarda. Na janye hannuna da sauri. Har murmushi na yi a cikin tashin hankalin nan, na ce ni ba yaro ba ne, wannan tarkon ba zai kama ni ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan wurin. Da aka yi min tambayar da Turanci na gane ta sarai.

Laraba da safe hankalina ya gama barin jikina. Na karanta cewa mataccen faifai yakan farfaɗo in ya sha sanyi, sai na naɗe Hussaini a leda na cusa shi a firiji. Matata ta je ɗauko nama ta ci karo da shi. Ta tambaye ni me ke faruwa ne tsakanina da rumbu kwana uku, ko hoton Baba ne ya samu matsala. Na daka mata tsawa na ce ta bar min abin da ba ta sani ba, ita da ba ta yi min laifin komai ba. Sanyin bai yi komai ba, ƙas-ƙas ɗin nan dai shi ne. Sai na ɗauko sukundireba na kwance murfin faifan kansa, abin da duk wanda ya san aikin ba ya yi. A ciki na ga wani faranti mai sheƙi kamar madubi, na ga kamar akwai ɗan gumi a kansa, na sa hankici na goge, na juya shi da yatsa, na rufe. Da na ba shi wuta ko ƙas-ƙas ɗin bai ƙara yi ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma a lokacin ban ma san girman ɓarnar da na yi ba.

Da la'asar na sauke girman kai na sa Hassan a aljihu na hau keke napep zuwa kasuwar Taminus, wurin wani mai gyara da ake yabo. Mutumin ƙasar nan ne, ɗan Filato, Kirista, mai sanyin hali, Hausarsa irin ta kasuwa ce mai gauraye da Turanci. Shagon kashi biyu ne, ɓangare ɗaya shi yana gyaran kwamfuta, ɗaya ɓangaren matarsa tana ɗaukar hoton fasfo, tana da injin wanke hoto. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, a buɗe a nan, a wanke a nan. Na shirya zan gaya masa komai. Ina shiga sai ga wani dattijo zaune a benci yana jiran fasfo, maƙwabcin Baba ne, sahu ɗaya suke salla, mutumin da in ya ji magana da azahar kafin la'asar ta gama zaga Rikkos. Ya gane ni, ya tambaye ni jikin Baba, ya ce ai Baba ya gaya masa Injiniya zai kawo hoton marigayiya ranar Juma'a, har ya sa min albarka. Nan take na fasa faɗin abin da na shirya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa a ranar na ɓoye nawa. Na miƙa wa mai gyara faifan, na ce masa a taƙaice ya ƙi buɗuwa a gida, ni kuma wankewa nake so a yi kafin Juma'a. Na ɗan nuna ɓangaren matarsa da haɓa, amma kansa yana sunkuye a kan wata kwamfuta, bai gani ba. Ya ce babu wahala oga, in bar lambata, na rubuta masa na fita kamar wanda aka koro.

Alhamis da hantsi ina gaban allo ana tafka ruwa a kan kwanon aji sai ga kiransa. Na fita baranda na toshe kunne ɗaya. Ya ce min faifan lafiyarsa lau, babu abin da ya same shi, injinsa ya buɗe shi, wutar ce kawai ta rikita ɗan bayanin da ke haɗa shi da ɗan uwansa. Ban san sanda na jingina da bango ba, hawaye suka zo min. Sai na ji yana cewa akwai kaya a ciki fa da yawa, na tabbata ina so a wanke? Na ce masa ai abin da ya kawo ni ke nan. Ya sake tambaya ko duka za a wanke. A kaina hotuna arba'in na albam kawai nake gani, na ce gara ma a mayar wa Baba da su duka a takarda, in ya so gobe in zaɓi na marigayiya a ƙara masa girma. Na ce duka, kada ya bar ko ɗaya. Da na tsaya minti ɗaya na yi tunani, da na tuna cewa hotunan da ke faifan nan sun kai dubbai, babu mai hankalin da zai ce a zuba su duka a takarda. Amma murna ta toshe min kunnen da ruwa ya bari. Ya yi tambaya ta uku, ya ce wankin sama-sama na minti biyar zai yi, ko na sosai wanda zai ɗauki yini guda. Na tuna idon Baba, na ce wa kaina ba a kai wa mai raunin ido hoto mai dishi-dishi. Na ce masa na sosai, mafi kyau da yake da shi, ko kwana zai yi. Na koma aji na yafe wa yara aikin gida.

Juma'a da sassafe ina ƙofar shagon. Ya miƙo min faifan a cikin leda yana murmushi, ya ce ya fita tas kamar sabo. Na karɓa ina waige-waigen ambulan. Na tambaye shi ina hotunan. Ya tambaye ni waɗanne hotuna. Matarsa ce ta fara ganewa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi wa mijinta magana da yarensu, sannan ta juyo ta ce min a shagon nan wanki biyu ne, nata yana fito da hoto, nasa yana share shi, sun yi shekaru suna tsokanar juna da wannan maganar amma ba ta taɓa cin kowa ba sai yau. Ni da na wanke wayar matata da hannuna, ni da na sha ce wa ɗalibai su wanke memori in ya kama ƙwayar cuta, na san kalmar da ma'anarta biyu tun ba yau ba. Sati guda ke nan ma'ana ɗaya ce kawai a kaina. Na zauna a ƙasan shagon, ba a benci ba, na gaya musu komai tun daga albam, abin da ya kamata in faɗa tun ranar Laraba.

Mutumin nan ya sallami masu jira ya ja ƙofa, ya haɗa faifan ya shiga nema. Ina roƙonsa da Allah da Annabi, ina riƙe masa hannun riga, ni da ake ce wa Injiniya. Ya ce da na sama-sama aka yi da ya dawo min da kusan komai, amma na sosai bin faifan yake yi lungu-lungu yana rubuta sifili a kan duk abin da ya tarar. Ya juyo min da allon na gani da idona, sifili layi-layi har ƙasa, ni da nake koya wa yara cewa duk abin da aka ninka da sifili ya tafi. Ya ce ya ga wani wuri da aka rubuta wa Albam ɗin Baba, shi ya sa ya tambaye ni har sau uku. Na ruga gida na ɗauko Hussaini. Ya buɗe, ya ga shatin yatsana da zaren hankici a kan farantin, ya girgiza kai. Ya ce da ban buɗe shi ba, akwai masu ɗaki na musamman a Legas da wataƙila za su iya ciro wani abu, amma yanzu ko su ba za su karɓa ba. Na so in ga laifinsa, na juya maganar ta kowane gefe ban samu inda zan kama shi ba. Idonsa ma ya yi ja kamar nawa.

Ban san abin da liman ya faɗa a huɗubar ranar ba. Da na dawo na zaunar da matata na gaya mata, har ledar da na kai bola. Ba ta yi kuka ba a lokacin, ba ta zage ni ba. Ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta ce shekara goma sha biyar tana kai saƙona wurin mahaifinta, har da na ƙarya ba ta sani ba, amma wannan kam da bakina zan faɗa. Muka tarar da Baba ya sa farar riga yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa inda rana take sauka, ya goge tabaransa, kuma a bangon da ke kallon gadonsa an riga an kafa sabuwar ƙusa. Ya ji muryata ya miƙo hannu biyu. Na durƙusa na faɗi komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya mayar da hannayensa kan gwiwa. Sannan ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya yafe min.

Ina shirin tashi sai ya ce yana da tambaya ɗaya. Ya ce tunda ni ne mai lafiyayyen ido na ƙarshe da ya ga hoton, in taimaka in gaya masa a wane kunci tawadar Allah take a fuskarta, na dama ko na hagu. Ya ce shekara guda ke nan yana gardama da kansa a kan wannan, yau ya gan ta a nan, gobe ya gan ta a can, kuma abin da ya sa ya nemi hoton ke nan, ya ji fuskar tana zame masa. Matata ta ce tana jin dama ne, amma ba ta sani ba ko damanta ne ko daman hoton. Na rufe ido na nemi hoton a kaina. Na ga kujera, na ga rediyon da ta ɗora wa hannu, na ga fulawar roba da labule mai zanen bene a bayanta, har lambar da na ba shi na tuna, goma sha bakwai. Fuskar ce babu. Shekara huɗu ina taƙama ina ajiye da ita, ban taɓa tsayawa na kalle ta ba. Ƙarya ta zo har bakina, da na ce hagu da ya yarda ya yi min godiya. Na haɗiye ta, na ce masa Baba ban sani ba. Ya ce to, shi ke nan.

Kafin damina ta gaba idon ya rufe gaba ɗaya. Ƙusar tana nan a bango, hularsa yake ratayewa a kai. Bai taɓa tayar min da maganar ba, kullum na je sai ya sa min albarka, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Matata ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, amma yanzu duk hoton yara da take so da kanta take kai shi a wanke ta sa a jakarta, ba ta tambayata, ni ma ba na cewa komai. Sunan Injiniya ya mutu a gidan ba tare da kowa ya ce a daina ba.

Na rubuto ne domin na san irina suna da yawa, kowane gida akwai wanda ya iya taɓa na'ura aka sakar masa komai. Ɗan uwana, faifai biyu a cikin akwati ɗaya ba ajiya biyu ba ce, wuta ɗaya ce take cinsu, hannu ɗaya ne yake ɓata su. Abin da ba shi da na biyu a duniya ka raba masa gidaje, ka bar takardarsa a hannun mai ita, kayan amana kuma ka mayar ranar da ka ce. In na'ura ta yi maka kuka kada ka toshe mata baki. In faifai ya ɓace ko ya ƙi buɗuwa, ka kashe wuta ka janye hannunka, domin nawa lafiyarsa lau har ranar da na yi magana. In ka je wurin mai gyara ka buɗe masa cikinka ko duk unguwarku tana zaune a benci, ka gaya masa abin da ke ciki da abin da kake tsoron rasawa, in ya faɗi kalma ka tambaye shi me yake nufi da ita ko da harshen uwarka ce. Kunyar minti biyar na guje wa, ga shi ina ɗauke da ta har abada. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa ɗalibai, ban san wuyana ake aunawa ba.

Abu na ƙarshe kuma, wanda ya fi ci min rai, ajiye abu daban, kallonsa daban. Yanzu in na je Rikkos ina cire takalmi in durƙusa kamar da, amma tunda Baba ba ya ganina, nakan saci jiki in ɗaga kai in kalli fuskarsa sosai har mu gama gaisawa. Yana da ɗan tabo a girar hagu. Wannan kam na sani.